Gudaji da Zinaren Famfon Surukinsa

A Gumel, in kana neman mutumin da ya iya komai, ba sai ka wahala ba. Ka je teburin Sajo mai shayi da hantsi, ka kasa kunne. Muryar da ka ji ta danne ta rediyo, to, Gudaji ke nan. Shi ne ya taɓa dillancin raƙumi a kasuwar Maigatari, raƙumin ya gartsa masa cizo a kafaɗa tun ba a gama ciniki ba. Shi ne ya buɗe shagon ƙanƙara a Gagarawa Tasha, a layin da ko turken wuta babu. Ya kuma yi mako uku yana gadin ƙofar wani otal a Abuja, kuma tun daga nan duk abin da aka ambata a duniya sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai a otal ɗinmu muka gaji da shi."

Ana nan matarsa Hadiyya ta haihu, haihuwar fari, ta tafi gidan iyayenta wankan jego. Saura kwana biyu ta yi arba'in, mahaifinta Alhaji Barau ya aika a gaya wa Gudaji magana guda: yarinyar nan ba za ta koma ba sai mijinta ya riƙe sana'a ɗaya, wadda ake gani da ido, ba wadda ake ji da kunne ba. Alhaji tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, in ya faɗi magana ba ya maimaitawa. Abin ya ƙona wa Gudaji rai ba kaɗan ba, don Allah ya sani yana son matarsa. Ɗaki ya yi masa faɗi, jaririn kuma ko sau uku bai ɗauka ba.

Washegari da safe sai ga shi a teburin shayi, rataye da wata tsohuwar jaka tana ƙarar ƙarafa.

Sajo ya ce, "Yau kuma me aka zama?"

"Injiniyan famfo."

"Tun yaushe?"

"Tun Abuja. Ɓoyewa dai nake yi, don kada jama'a su hana ni sakat."

"To, injiniya, butar shayina tana yoyo."

"Ba na ƙananan ayyuka," in ji Gudaji. Ya shanye shayinsa, ya nufi gidan surukinsa.

Ya tarar da Alhaji a ƙofar gida, gindin darbejiya, shi da amininsa Malam Ɗantsoho, wani dattijo mai ƙarancin magana da yawan kallo. Gudaji ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya kwashi gaisuwa, ya ajiye jakar yadda ƙarafan za su yi ƙara.

Alhaji ya dubi jakar, ya dube shi. "Gyaran famfo kake yi yanzu?"

"Ranka ya daɗe, ai ni da famfo sai dai Allah."

"Madalla. Taso ka gani."

Ashe Alhaji yana da wata damuwa da ya daɗe yana haɗiyewa. Babban ɗansa Zulkifli, mai aiki a Legas, ya gina masa banɗaki na zamani a ɓangarensa, da tayil har sama, da farin kwamin wanka wanda mutum zai miƙe a ciki sambal. A bakin kwamin akwai famfo biyu, na ruwan zafi da na sanyi, kowanne da 'yar hula mai ruwan gwal a kansa da faffaɗan zobe mai ƙyalli a jikin bango. Wannan ƙyallin shi ya hana Alhaji sukuni. Wata shida ke nan yana ɗaukar butarsa ya tafi tsohon bayi, bai kuma gaya wa kowa dalili ba.

Ya nuna da sandarsa. "Kai da ka zauna Abuja, wannan zinare ne ko ba zinare ba?"

Gudaji ya tsuguna. Ya ƙwanƙwasa hular da farce, ya shinshina, ya ɗan lasa, ya lumshe ido.

"Zinare ne, Baba. Na Dubai ma kuwa."

Alhaji ya yi salati. "Na faɗa a raina. Namiji da ni, da furfurata, in riƙa alwala a bakin zinare? Ka cire mini adon nan, ka bar mini famfon yadda yake. In ka yi shi lafiya, gobe ka zo da mota ka ɗauki iyalinka. Zinaren kuma a ba ta a ƙera mata 'yan kunne, su mata ya halatta musu."

Daɗi ya kusa kashe Gudaji. Ga mata, ga ɗa, ga zinare. Ya ce, "Kafin a kira azahar an gama, ranka ya daɗe. Ku je ku huta."

Alhaji ya koma gindin darbejiya. Da zai fita ya waiwayo ya ce, "Ka yi hattara da ruwa. Jiya aka samu wuta aka cika tanki, shi za a yi girkin arba'in da shi gobe."

"Ko ɗigo ba zai zuba ba."

To, a gidan nan akwai mutum ɗaya da ta san sirrin famfon, ita ce Hajiya Ummi, mahaifiyar Hadiyya. Duk Juma'a takan cire hulunan da zobban ta wanke ƙarƙashinsu ta mayar, kuma ta ɗauka rigimar tsufa ce kawai ta sa Alhaji yake gudun banɗakin. Sai dai Hajiya 'yar garin Sule Tankarkar ce, da jinin Fulani a jikinta, kunyarta ta surukuta har misali ake yi da ita a unguwa. Shekara biyu da auren, ba ta taɓa haɗa ido da Gudaji ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ce masa uffan baki da baki ba. Gaisuwa ma ta bayan labule ake yi, shi yana gaida labule, ita tana amsa wa bango.

Gudaji ya naɗe hannun riga, ya kama hular famfon sanyi ya murɗa dama. Ruwa ya zubo. Ya murɗa hagu, ruwa ya tsaya, hula tana nan daram. Ya ja ta sama har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ya ɗauko filaya ya damƙe ta, filayar ta zame ta ɓantare masa fatar yatsa.

Hajiya tana tsakar gida tana tankaɗe, tana jin ƙarar ƙarfe, hankalinta ya tashi. Ta rasa yadda za ta yi. Sai ta dubi wata kaza da ke tsattsage kusa da turmi, ta ɗaga murya ta ce, "Ke kaza, da ke ce mai aikin, ai da kin fara rufe ruwan tukuna. Ga jan mariƙi nan a bayan ƙyaure."

Gudaji ya ji muryar. Amma shi ɗa ne mai tarbiyya, ba a san shi da sauraren hirar suruka ba. Ya ce a ransa, Allah sarki, tsohuwa ta fara zance da kaji. Ya yi tari don ta san akwai mutum kusa, ya kama waƙe-waƙe da ƙarfi don kada ya ji abin da bai shafe shi ba.

Tagar banɗakin tana duban lungu. Ba a jima ba sai ga kan Sajo ya leƙo, ya bar teburinsa ya biyo kallo.

"Injiniya, ya aiki?"

"Alhamdulillahi. Ina kan binciken farko."

"Jinin nan na yatsanka fa?"

"Haka ake gwada ƙarfin ƙarfe. Samo mini man gyaɗa."

Aka kawo man gyaɗa. Gudaji ya tsiyaya wa famfon, ya tsiyaya wa zoben, ragowar ta malale cikin kwami. Ya shiga ciki don ya samu wurin dogara ƙafa, ya tattara ƙarfinsa ya fizga. Ƙafafunsa biyu suka yi sama, ya faɗi rigingine, tim, kwamin ya amsa kamar ganga.

Daga waje Alhaji ya ce, "Lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ina duba shi ne ta ƙasa."

Sajo ya ce, "Ka daɗe kana dubawa, ko in zo in tashe ka?"

A tsakar gida Hajiya ta ajiye rariya ta shiga ɗakin mai jego. "Ke, ki gaya wa wancan, da tsinke ake ɓalle hular, akwai noti a ƙasa. Kuma a rufe ruwa." Ita ma Hadiyya ba za ta iya tsallaka tsakar gidan ubanta ta je wurin miji a gaban iyaye ba, sai ta ɗauki waya ta rubuta masa. Wayar ta yi ƙara a aljihun Gudaji. Ya ciro, ya ga sunanta, ya yi wani murmushi har kunne. Kalaman soyayya ne, ya sani, ta ji ƙarar aikinsa ta kasa haƙuri. Amma ina shi ina karanta irin wannan a banɗakin surukinsa? Ya mayar da ita aljihu, ya ce sai ya je gida ya karanta a natse.

Kafin wani lokaci tagar ta cika da kawuna. Mai faci ya zo, mai rake ya zo, wani ɗan acaɓa ya ajiye fasinja a rana ya zo. Ganin jama'a ya ƙara wa Gudaji kumburi.

Ya ce, "Ku da ba ku sani ba, Turawa da wuta suke ɗaura irin wannan, da wuta kuma ake kwance shi. Sajo, garwashi."

Sajo ya miƙo garwashi a murfin gwangwani. Gudaji ya kara shi a jikin hular yana hurawa. Wani baƙin hayaƙi ya tashi, wari ya turnuƙe banɗakin, masu leƙe suka toshe hanci.

Mai faci ya ce, "Wannan ai warin roba ne. Ni da nake ƙona ta kullum."

"Ka taɓa ƙona zinaren Dubai?"

"A'a."

"To, ka yi shiru. Haka yake wari."

Hular ta yi baƙi, ta lanƙwashe, ta manne wa famfon fiye da da. Gudaji ya ɗauko guduma ya ba ta uku masu kyau. Na huɗun ya kauce ya sauka a tayil, tsaga ta tafi tun daga famfo har silin.

Sajo ya ce, "Wannan layin fa?"

"Hanyar iska na buɗe masa."

Hajiya ta koma wurin kazarta. "Ke kaza, ki ji tsoron Allah. Ruwan arba'in ne fa. Jan mariƙi, bayan ƙyaure." Jan mariƙin nan kuwa, shi ne mai rufe ruwan gidan gaba ɗaya, kuma yana cikin banɗakin, daidai bayan Gudaji, har ya rataye hularsa a kai tun shigowarsa. Hajiya ba ta da hanyar kai hannu gare shi sai ta shiga ɗaki ɗaya da surukinta, abin da ko a mafarki ba ta taɓa yi ba. Ta aika a kira Alhaji, Alhaji ya ce a bar mai sana'a ya yi sana'arsa.

Ladan ya fara gwada lasifika. Gaban Gudaji ya faɗi. Azahar ta zo, hula ko motsi ba ta yi ba, kuma a karon farko ya hango gobe ta yi, motar haya tana tsaye, shi kuma ya koma ɗakinsa shi kaɗai. Tsoro ya kama shi na gaske. Wani mai hankali da a nan zai ajiye guduma ya nemi taimako. Gudaji kuwa sai idonsa ya sauka kan babur ɗin ɗan acaɓa.

"Malam, injinka yana da ƙarfi?"

"Buhu uku nake ɗauka daga Maigatari."

"A kawo igiya."

Mai faci ya ce, "Gudaji, kada ka yi."

"A otal ɗinmu da mota muke yi. Don dai nan ƙauye ne."

Aka zuro igiyar rijiya ta taga. Gudaji ya ɗaure ta tamau a wuyan famfon, aka ɗaure ɗaya bakin a bayan babur. Ya gyara tsayuwa a cikin kwami, ya ɗaga hannu kamar mai ba jirgi hanya.

"A hankali. In na ce ja, ka ja kaɗan."

Ɗan acaɓa bai san kaɗan ba. Ya murɗa totur, babur ya yi kuka, igiya ta miƙe. Hular dai ba ta fita ba. Abin da ya fita shi ne famfon ɗungurungum, da zobensa, da kamu guda na bututu, da tayil shida, suka bi ta taga suka wuce kan mai rake da ƙyar. Ruwan tanki kuma ya fito daga bango da kaurin hannu, ya daki Gudaji a ƙirji, ya zaunar da shi.

Ya toshe da tafin hannu, ruwa ya fita ta tsakanin yatsu ya wanke masu leƙe. Ya cusa rigarsa, ruwa ya tofo ta. Sajo ya miƙo masa guntun rake, ya danna shi a ramin, raken ya harbo ya same shi a goshi. A ƙarshe ya juya ya manna bayansa a bango, ya dogare ƙafafu, ruwa yana fita ta hammatarsa biyu.

"Injiniya, a kira wani?"

"Kada a kira kowa. Wanke bututu nake yi."

Kwami ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya fita ƙofar banɗaki, ya ratsa ɗakin Alhaji, ya ɗebi takalma da buta da kwandon goro, ya bi ta zaure ya fito ƙofar gida. Malam Ɗantsoho ne ya fara jin sanyi a ƙarƙashin tabarma. Ya duba, ya ga wani takalmi yana wucewa a natse.

Ya ce, "Alhaji, wancan kamar naka."

Alhaji ya tashi, ya tattare babbar riga, ya shiga yana taka ruwa, Ɗantsoho a bayansa, rabin unguwa a bayan Ɗantsoho. Suka tarar da Gudaji manne da bango, daga shi sai wando, goshi ya kumbura, man gyaɗa yana yawo a saman ruwa.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Gudaji, ina famfona?"

"Yana lungu, ranka ya daɗe. An cire adon."

"Na ce ka bar mini famfon."

"Ai tare suka zo, Baba. Irin na Dubai ba ya rabuwa."

Ana cikin haka aka ji tanki ya fara ƙugi a sama, alamar ya kusa ƙarewa. Sai jama'a suka ga abin da ba su taɓa zato ba. Mutane suka dare, Hajiya Ummi ta ratso, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, zanenta ya jiƙe har gwiwa. Ta tsaya a ƙofar banɗaki. Ƙafar Gudaji guda tana dogare da ƙyaure, ta tare hanya. Hajiya ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta nemi kaza ba ta gani ba. Sai ta dube shi tsakiyar ido.

"Gudaji, matsa."

Gudaji ya janye ƙafa kamar ya taka wuta. Hajiya ta tura ƙyaure, ta cire hularsa daga kan jan mariƙin ta miƙa masa, ta murɗa sau ɗaya. Ruwa ya tsaya cak.

Ba ta fita ba. Ta zaro tsinken kitso daga gashinta, ta sunkuya kan famfon zafi, wanda Allah ya tsare bai shiga hannun injiniya ba. Ta sa bakin tsinken a gefen hular, ta ɗan taɓa, hular ta yi tsalle ta faɗo. Ga ɗan noti a ƙasa. Ta kwance shi da gindin cokalin shayi, ta zare mariƙin famfon, ta murɗe zoben da yatsa biyu. Duka-duka bai kai a karanta Fatiha uku ba. Ta zuba su a tafin Alhaji, ta juya ta fita.

Alhaji ya jinjina hular a hannu, ya ji ba nauyi. Ya juya cikinta, fari fat. Ya miƙa wa Ɗantsoho. Ɗantsoho ya matsa ta da yatsa, ta lotsa.

Ya ce, "Roba ce. Irin ta murfin kwalbar lemo."

Mai faci ya ce daga taga, "Na dai faɗa."

Dariya ta ɓarke tun daga banɗaki har lungu. Sajo ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Alhaji kaɗai bai yi ba, yana tuna wata shida da ya yi yana jigilar buta saboda murfin kwalba. Gudaji ya laluba aljihu don ya samu abin yi da hannunsa, ya ciro waya tana ɗigar ruwa. Kafin ta mutu ya samu ya karanta saƙon Hadiyya: Don Allah ka rufe jan mariƙi, ka sa tsinke, roba ce.

Ya durƙusa a cikin ruwan. Wannan karon babu Abuja, babu otal. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ban iya ba. So nake kawai su dawo gida."

Alhaji ya dube shi. Sannan ya ce, "Yau dai ka faɗi gaskiya, ita ma aba ce. Na ce sai ka riƙe sana'ar da ake gani da ido, kuma ban janye ba. Gobe akwai girki, tanki babu ruwa, wuta kuma sai ranar da Allah ya kawo ta. Malam Ɗantsoho yana da kurar ruwa da jarkoki, ba mai turawa. Ka fara yanzu. Ranar da ka cika kwana arba'in kana kawo ruwa gidan nan da unguwar nan ba fashi, ka zo da mota."

"Arba'in, Baba?"

"Ita ta yi nata. Saura kai."

Haka kuwa aka yi. Gudaji ya tura kura har tafin hannunsa ya yi kanta, kuma abin mamaki, bai yi fashi ko sau ɗaya ba, don duk sawun da ya kawo gidan Alhaji, Hadiyya takan ɗaga labule kaɗan ta nuna masa jaririn. Ranar da ya cika, ya zo da mota ya kwashi iyalinsa.

Amma kada ka ɗauka bakin ya mutu. Ka je teburin Sajo gobe da hantsi, za ka ga kura a fake, za ka ji shi yana cewa shi ne mai kula da harkar ruwa ta unguwa gaba ɗaya. In wani ya tuno masa da zinaren Dubai, sai ya kurɓi shayi, ya gyara zama, ya ce, "Ku yi ta dariya. Duk Gumel a nuna mini surukin da Hajiya Ummi ta taɓa kiran sunansa da bakinta. Ni kaɗai ne, kuma a gaban jama'a."

Sajo yakan ce, "Me ta ce maka?"

Gudaji yakan ce shayin ya yi sanyi, a ƙaro masa.